Fon ɗin da Kawu bai gama ba

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, kuma Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya. Da hantsi ya faɗi a tsakar gidansa a nan Diffa, kusa da motarsa, hannayensa duk baƙin mai. Kafin a isa da shi likita rai ya yi halinsa.

Mafi yawan waɗanda suka cika tabarmin ƙofar gida direbobi ne. Wani tsohon direba da ya daɗe yana ɗauko bandar kifi daga Bosso ya zauna yana share ido da gefen rawaninsa, bai damu da wa ke kallonsa ba. Ya ce da ni, "Ɗana, yanzu wa zai riƙa gaya mana gaskiyar motocinmu?" Na kusa da shi ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma mutum ne mai wuyar sha'ani. Ka kawo masa mota da sauri, ya tambaye ka ko gobara ce a gidanku." Aka yi ƴar dariya ƙasa-ƙasa, aka shafa fatiha. A cikin gida matarsa ta shiga takaba, ƴaƴansa mata biyu suna gefenta. Mahaifiyata ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta zauna a bakin rumfa tana kallon tsohuwar katkat ɗinsa, motar nan mai shiga yashi, wadda ya ɗaga bayanta a kan kututturen giginya, an rufa wa ƙarƙashinta tsohon zani don kada yashi ya shiga.

Kawu bai bar ɗa namiji ba, saboda haka ƙaninsu shi da mahaifiyata, autan ɗakinsu, shi ya tsaya a kan al'amuran gidan. Na lura duk baƙon da ya zo, sai ƙaramin kawuna ya nuna masa motar ya ce, "Aikinsa na ƙarshe ke nan." Da farko na ɗauka baƙin ciki ne ke sa shi faɗa. Ba a naɗe tabarmin makoki ba sai ga mai saye ya zo daga Fulatari, kuma abin da aka gaya masa shi ne marigayi ya gama gyaran motar da hannunsa kafin ya rasu.

Wannan ba gaskiya ba ne. Ni mutum ne mai tsoron yi wa wani ƙazafi, kuma na juya maganar a raina har na gaji kafin in rubuta ta. Amma ba gaskiya ba ne, kuma sunan mamaci aka ɗauko za a sayar da mota da shi.

Ya kamata in faɗi ko wane ne shi, don wanda bai san shi ba ya gane abin da ya sa raina ke ɓaci. Ni ba makaniki ba ne, karatun boko na yi a Damagaram, in na yi kuskure a bayanin ƙarfe masu sana'a su gafarce ni. Kawu ba shi da garaji. A gidansa yake aiki, ƙarƙashin bishiyar bedi, kuma abu ɗaya ya tsaya a kai: fon, wato dogon ƙarfen nan da ke haɗa ƙafafun mota, mai kumburi kamar ƙwarya a tsakiya. A cikin ƙwaryar akwai babban faifai mai haƙora, kuron, da ƙaramin da ke juya shi, finyon. Motocinmu na kwarin Komadugu ruwa suke shiga da damina, yashi suke shiga da rani, shi ya sa fon ɗinsu ba ya daɗewa bai fara kuka ba. Mutanen gari ma Mai Fon suke kiransa.

In ka kawo masa mota, ba ya taɓa sifana sai ya gama tambayarka.

"Yaushe take kukan? In ka ba ta wuta, ko in ka saki?"

"Kuka dai take yi, Baba."

"Jaririn gidanka ma kuka dai yake yi, amma uwarsa ta san na yunwa ta san na ciwo. Koma ka tuƙa ta, ka buɗe kunnenka, ka dawo."

Na ji yana koya wa direbobi bambancin sau da yawa. In ta yi kuka siriri lokacin da aka ba ta wuta, ta yi shiru da an saki, haƙora ne ba su zauna daidai ba. In gurnani take yi ko an ba ta wuta ko an saki, to rulma ne ya ci, wato zoben ƙarfen da sandar ke juyawa a cikinsa. In kuma sai a kwana take ƙwas-ƙwas, ƙananan haƙoran ciki ne. Bayan tambaya sai ya ɗaga motar a kan kututture, a tayar da ita, ya ɗauko muciya ya dafa kanta a jikin fon, ɗaya kan a kunnensa, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu. Muciyar daga madafa yake ɗauko ta. Daga can kuma yake ɗebo garin tattasai, ya kwaɓa da ɗan mai, ya shafa wa haƙoran kuron, sa'an nan ya juya ƙafar motar da hannu. Inda haƙora suka gogu, jan yakan share, sai tabo ya fito. In tabon ya zauna a tsakiyar haƙori, aiki ya yi. In ya hau baki ko ya nutse gindi, sai ya kwance komai, ya ƙara ko ya rage wani siririn zoben ƙarfe, ya sake ɗaurewa, ya sake shafa tattasai. Yana iya yini a kan wannan kaɗai.

Matarsa takan leƙo ta ce, "Malam, muciya ta tafi, tattasai ya tafi. In kana son tukunyar ma ka faɗa, in sauke tuwon."

Shi kuwa ya ce, "Bar ta a wuta tukuna, zan aiko."

Wannan jinkirin shi ya jawo masa faɗa da mutane. Wanda na gani da idona shi ne na wani Alhaji, dillalin tattasai, a tsakiyar kaka, lokacin da buhuna ke jibge a garake, gonakin bakin ruwa, kowa na neman mota. Fon ɗin motarsa na kuka, Kawu ya buɗe ya ce rulma ya mutu, haƙora sun fara ci, sai an nemo wasu. Alhaji ya ce ba shi da wannan lokacin. Ya ce a matse babban noti, a cika ƙwaryar da giris mai kauri da dusar shinkafa kamar yadda ake yi a bakin tasha, ta yi shiru ya kai kayansa.

Kawu ya ce, "Alhaji, shirunta kake so ko lafiyarta?"

"Ni kayana nake so su isa kasuwa."

"Dusa ba ta gyara haƙori. Toshe mata baki kawai za ta yi, tana ci gaba da cin kanta a ciki, ranar da za ta tsaya ba za ta gaya maka ba. Kuma yaran mutane ke hawa saman buhunan."

"Kai makaniki ne ko liman?"

Kawu ya miƙe. Ya tattara ƙarafan motar ɗaya bayan ɗaya a cikin daro, ya wanke su da gazuwal, man manyan motoci, kamar yadda ya saba, ya ɗauki daron ya ajiye a ƙofar gida, ya dawo ya zauna. Alhaji ya daɗe ba ya gaishe shi. Ban san abin da ya sami motar daga baya ba, ba zan ƙirƙira ba. Abin da na sani shi ne ranar jana'iza Alhajin yana sahun gaba.

Akwai abin da mutane ke yi masa dariya a kai, kuma yanzu nake jin zafinsa. Motar Kawu ta kansa kuka take yi. Tun daga nesa za ka ji ta, yara su ce ga Mai Fon nan tafe, kukan motarsa ya riga sallamarsa. Direbobi na tsokanarsa a majalisa, ya yi murmushi ya ce tsufa ne. Dalilin kuwa ƴan gida kaɗai suka sani. A shekarun da mutanen ƙetaren kogi suka yi ta kwararowa suna gudun tashin hankali, wani mutum ya iso unguwarsu da tsohuwar katkat, da surukarsa da ƴaƴansa da abin da suka iya ɗauka. Motar ita ce duk abin da ya fita da shi. Ta ratsa ruwa, man fon ya zubo fari kamar kunun gyaɗa, haƙoran kuron sun kakkarye. A lokacin hanyoyi ba su da daɗi, kayan gyara ba sa zuwa. Kawu ya kwana biyu yana zagaya motar, sa'an nan ya ɗaga tasa, ya ciro kuron da finyon duka biyun ya sa wa mutumin. Mahaifiyata ta tambaye shi don me bai ba da ɗaya ya riƙe ɗaya ba. Ya ce su biyun tare suke tsufa, in ka raba su kowanne ya lalace. A tasa motar ya haɗa waɗanda ya tsinto wurin masu tsofaffin ƙarafa, ba ƴan gida ɗaya ba, shi ya sa ba su taɓa jituwa ba. Mutumin ya ci gaba da ɗaukar kaya yana ciyar da iyalinsa. Kawu kuma ya rage wa tasa tafiya: daga gida zuwa garka, daga garka zuwa gida. Ko biki aka roƙe shi ya kai mutane ƙauye, sai ya ce, "Wannan ba ta shiga yashi da ran mutum a cikinta."

A ƙarshen rayuwarsa ya samu wasu haƙoran daga Damagaram, na hannu ne amma masu kyau, ya ce bari ya sallami motar daga kukanta kafin ƙarfinsa ya ƙare. A kan wannan aikin yake. Ana gobe zai rasu mahaifiyata ta je gaishe shi, ta same shi yana duba jan tabon yana girgiza kai. Ta ce, "Yaya, ba ka gama ba har yanzu?" Ya ce, "Bai zauna ba. Yana hawa baki. Sai na sake kwancewa." Maganarsa ta ƙarshe a kan motar ke nan, kuma ba wanda ya ji wata bayanta.

Abin da ya biyo baya, matar Kawu ce ta ji shi daga ɗakin takabarta, ni kuma na ga saurarsa. Ƙaramin kawuna ya kirawo wani makaniki daga bakin tasha, ya ɗaure fon ɗin tsakanin azahar da la'asar. Da suka tayar da motar ta yi kukan da ya fi na da. Sai aka aika kasuwa. Da na shigo da yamma na ga rabin buhun dusar shinkafa jingine da bishiyar bedi, da gwangwanin giris babu komai a ciki, a daidai inda Kawu ke zama. Motar kuwa ta yi shiru lau.

Ba na so in mai da ƙaramin kawuna mugu, don ba mugu ba ne. Ruwa ya cinye garkarsa bara, iyalinsa da yawa, kuma ya ce matar yayansa da ƴaƴanta suna buƙatar rabonsu da wuri. Watakila har cikin ransa yana ganin taimako yake yi. Duk na yarda. Da ya ce ga mota, tana da ciwo, mai so ya saya, da ba ni da ta cewa. Amma a zuba dusa a gidan mutumin da ya kori Alhaji saboda dusa, a cikin motarsa, sa'an nan a ce hannunsa ne, wannan na kasa samo masa uzuri duk yadda na nema.

Na same shi shi kaɗai a zaure na yi masa magana a hankali, ina ta zagaye-zagaye kamar yadda na saba.

Ya ce, "Kai ɗan lakkol, ɗan boko, ka taɓa riƙe sifana?"

Na ce ban taɓa ba.

"To mota ta yi shiru ko ba ta yi ba?"

"Ta yi, Kawu, amma ina ganin kamar..."

"Ka riƙe ganinka. Wanda ya mutu ya huta, masu rai ke cin abinci."

Na je na gaya wa mahaifiyata. Ashe matar Kawu ta riga ni. Duk da haka mahaifiyata ta saurare ni har na gama.

Da safe mai sayen ya zo ɗaukar mota, da direban da ya ɗauko. Dattijo ne Bafulatani, dogo, mai magana a hankali. Ya zauna a tabarma tare da sauran masu gaisuwa, ya yi addu'a, sa'an nan ya yi bayanin abin da yake so da motar. Ya ce garinsu yashi ne ko ta ina, ranar kasuwa mutane na wahala, in mace ta kasa haihuwa kafin a sami abin da zai kai ta Maine an sha wuya. Ya ce, "Ni ban san mota ba, shanu na sani. Amma an ce mini hannun marigayi ne, shi ya sa ban kawo kowa ya duba ba. Ko a wajenmu an san aikinsa."

Ƙaramin kawuna ya ce, "Ai ka huta, Alhaji. Ka ji ta da kunnenka."

A nan ne mahaifiyata ta fito. Mace ce da ban taɓa ganin ta tsaya a tabarmar maza ba, ko a bikin ƴaƴanta. Ta ja mayafinta ta tsaya daga bakin zaure, ta gaida mutane, ta dubi baƙon.

"Bawan Allah, sannu da hanya. Ni ƙanwar marigayi ce. Mota ta gado ce, in sun sayar maka ka saya, ni ma ina da rabo a ciki. Amma yayana bai gama ta ba. Ya gaya mini da bakinsa bai gama ba. Wani ne ya ɗaure ta bayan an binne shi, aka cika ta da dusa don ta yi shiru."

Ƙaramin kawuna ya miƙe.

"Yaya, koma ciki. Maganar maza ce."

"Auta, ni na goye ka, zauna. Ka raba gida, ka raba garka, ka raba mota. Sunansa ba ya cikin gadon, ba ka da abin da za ka sayar a ciki."

"Don matarsa nake yi, da ƴaƴansa."

"To ka tambaye su."

Baƙon bai ɗaga murya ba. Ya juya ya dubi ƙaramin kawuna ya ce, "Malam, gaskiya ne?"

Ƙaramin kawuna ya dubi ƙasa, ya dubi direbobin da ke zaune, ya ce, "Duk garin nan haka ake yi."

Tsohon direban Bosso ya ce, "Ban da gidan nan."

Dattijon ya jawo takalmansa. Ya ce, "Da ta tsaya mini a tsakiyar yashi da mara lafiya a ciki, ba kai zan zaga ba, don ban san ka ba. Shi zan zaga, yana kabarinsa." Ya ɗaga hannu ya sake yi wa Kawu addu'a, ya yi wa mahaifiyata godiya, ya tafi da direbansa.

Ba zan ce komai ya daidaita ba, don bai daidaita ba. Motar tana nan a tsakar gida. Labarin ya zaga tasha, ba wanda ya sake tayawa. Ƙaramin kawuna bai sake taka gidanmu ba, in mun haɗu a masallaci sai ya amsa gaisuwata yana kallon wani wuri. Wasu dangi sun ce mahaifiyata ta kunyata ƙaninta a gaban baƙi, ta kuma hana marayu abin hannu. Ina jin nauyin wannan maganar, don rabon bai fito ba har yau, kuma matar Kawu ce ta fi kowa buƙatarsa. Amma ina mamakin yadda duk masu wannan magana ba wanda ya ce an kunyata mamaci. Sun zauna a tabarmarsa sun yabi gaskiyarsa, sun sha kunun sadakarsa, ana zuba dusa a motarsa a bayan katanga.

Mahaifiyata ma abin ya dame ta. Da la'asar ɗin ranar ta ce in raka ta ɗakin matar Kawu. Muka same ta zaune a tabarma da carbi. Mahaifiyata ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Ki yafe mini. Na hana ki abin da za ki riƙe kanki da shi."

Matar Kawu ta gama jan carbinta kafin ta amsa.

"Ina bayan ƙofa ina jin ku. Na riga na sa takalmi. Da kin ƙara jinkiri kaɗan, da ni zan fito musu, da takabar da komai."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya ba matarsa da ƴaƴansa haƙuri da abin rufin asiri. Mu da ya bari, Allah ya shirya tsakaninmu.